Darasin da Ake Fesa wa Turare

'Yan uwa masu karatu, ku gyara zama. Mai shan shayi ya ajiye kofi tukuna, kada ya ƙware a ce ni ce. Abin da zan ba ku yau ko aminiyata ban iya faɗa mata baki da baki ba, sai ku da ba ku ganin fuskata.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana. Na daɗe da gama sakandare, komai na ci ban da lissafi, shi kuwa ya tsaya mini a ƙofar makarantar injiniya ya hana ni shiga. Na sake zama jarrabawar, na sake faɗuwa. Ranar da sakamako ya fito, Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, ta raɗa mini suna Injiniya Sifili. Aka yi ta dariya, har Baba da ba a cika ganin haƙoransa ba. Ni ma na taya su, sannan na shige banɗaki na kunna famfo na sha kukana.

Bana na sake yin rajista, ban faɗa wa kowa ba. Na rantse a raina babu wanda zai ji sai na ci.

Akwai wani mai shagon waya a bakin titinmu, ƙarƙashin benen teloli, yana tura wa ɗalibai darussa a waya: lissafi, kimiyya, zanen injiniya, har da na kasuwanci. Na je na yi masa bayani a hankali kamar mai sayen maganin kunya. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Lissafin ne ya ƙi?"

"Ya ɗan ƙi."

"Kawo wayar. Zan saita miki shi yadda masu irin kanki suke so."

Ban tambaye shi me yake nufi ba, don na ga alama in na tambaya ƙari zan samu.

Darussan ba fuska, ba hannu. Baƙin allo ne kawai, farin rubutu yana fitowa, sai murya a bayansa. Wayyo, muryar nan! Mai kauri ce, mai sanyi, ba ta gaggawa, kowace kalma sai ta zauna daram kafin 'yar'uwarta ta biyo. In lissafi ya yi tsauri sai ya dakata ya ce, "Kada ku ji tsoro. Ina tare da ku. Mu koma baya a hankali." Ni da duk rayuwata malaman lissafi tsawa suke mini, ranar da na fara jin wannan sai da na ajiye biro na dafe ƙirji.

Abin mamaki, sai na fara ganewa. Harafin nan da ake ta cewa a nemo, wanda na yi shekaru ina tambayar wa ya ɓatar da shi, sai ga ni ina nemo shi da kaina. Na zana wa mai muryar fuska a raina: dogo, ɗan gemu, tabarau, farar riga a goge. Abu biyu ne kawai ba na so a darussan. Na ɗaya, kowane misali sai ya kawo lif, injin nan mai hawa da mutane saman bene: nauyin lif, igiyar lif, gudun lif. Na biyu, akwai wani a bayan fage da ke yawan gyaran murya, ehem-ehem, daidai lokacin da nake tsaka da jin daɗi. Na sha tsine wa mai tarin nan.

Kun san me ya sa lif ke ba ni haushi? Saboda Mai Lif.

Mai Lif ɗan wani tsohon abokin aikin Baba ne da ya rasu. Gyaran lif yake yi a manyan benaye, kuma shi ne ya ce yana sona. Ba wanda ya tilasta mini, Baba cewa ya yi in duba, in bai yi mini ba in faɗa. Amma Mama! Mama ba ta tilasta wa mutum, ajiyar zuciya kawai take yi. Ina shara ta ajiye zuciya, ina wanke-wanke ta ajiye, ta ce da bango, "'Ya'yan mutane duk sun tafi, ni tawa tana nan tana ƙirga mini tayil."

Shi kuma bawan Allah ba laifi, tsaf da shi, sai dai magana ce ke yi masa tsada. Ga saƙonninsa, ku yi mini alƙalanci:

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

"To madalla."

Shi ke nan, sai gobe. Rannan ya so ya burge ni, ya turo mini hoton wani rami mai duhu da igiyoyin ƙarfe, ya rubuta, "Yau a nan nake." Me zan ce? Na rubuta, "Allah ya fito da kai."

To ku haɗa wannan da mutumin da ke ce mini yana tare da ni kullum bayan la'asar.

Asirina ya tonu ne ranar da abin sauraron da nake sawa a kunne ya lalace, na kunna darasi a fili. Ina zaune a bakin gado da doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin fulawa a wuya, na zizara kwalli, na ɗan fesa turare. Eh, na fesa. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma ban san ranar da na fara ba. Muryar tana cewa, "Ba zan wuce in bar ku ba, sai kun gamsu," sai labule ya ɗaga. Mama ce, Gwaggo na leƙe ta kafaɗarta.

"Wane ƙaton ne a ɗakin nan?"

"Mama, darasi ne."

Ta shaƙi iska sau ɗaya, ta dubi idona.

"Darasi. Auta, ni na haife ki. Wane darasi ne ake fesa wa turare?"

"Wallahi lissafi ne, ki duba allon."

Gwaggo ta tafa hannu. "Lissafi! Injiniya Sifili da lissafi! Ai dabarar 'yan zamani ce, Yaya. Su sa allo a gaba, soyayya a baya. Ba ki ji yana cewa ba zai bar ta ba?"

Da na buɗe baki na ce jarrabawa zan sake, da magana ta ƙare. Amma ina kallon bakin Gwaggo, dariyar tana nan a shirye, sai na haɗiye. Mama ta karɓe wayar, ta jefa cikin durowarta ta kulle, ta zura makullin a lalitarta. Ta ce mahaifiyar Mai Lif za ta zo ranar Asabar ta gan ni, wayar kuma ba zan sake taɓa ta ba sai an yi wannan zaman lafiya lau, na nuna hankali.

Jarrabawa saura 'yan makonni, rabin darussan ban taɓa ba, duk suna cikin durowa tare da zannuwan Mama. In wayar nan ta daɗe a can, shekarar ta tafi, kuma na san ba ni da ƙarfin zuciyar sake gwadawa.

Ga kuma wadda za ta zo. Mahaifiyar Mai Lif tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, tsofaffin ɗalibanta Malama Rula suke ce mata. An ce ba ta taɓa dukan kowa da rular ba, buga ta kawai take a tebur, aji ya mutu. An ce akwai magidanta masu furfura da har yau in sun hango ta a kasuwa sai su sauya layi.

Asabar ta zo. Tun safe Mama ta sa aka fitar da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa sha da su ba, aka cire ledar da ke kan kujeru, aka canza labulen falo. Ni aka sa ni cikin wani leshi kore shar, da gyale mai duwatsu da ke soka mini wuya. Gwaggo ta ɗaura kallabi ya kusa taɓo fanka.

Suka iso bayan azahar. Mai Lif ya shigo da farar riga, ya durƙusa ya gaida Baba, ya nemi kujerar lungu ya maƙale. Ita kuwa 'yar ƙaramar mace ce, siririya, da tabarau a kan hanci da jaka a hammata. Da ta buɗe baki sai na gane inda maganar gidansu ta tafi, ita ta kwashe duka. Murya siririya, ga gudu kamar keken ɗinki.

"Sannunku-sannunku-ya-gida-ya-yara-ya-zafi-ina-yarinyar?"

Na shigo da tire, kofuna suna kaɗawa. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ajiye kafin ki fasa. Zauna nan. Ni ba na kwana-kwana. Ɗana ya ce in ya yi miki magana kalma biyu kike ba shi. Na ce masa kai ma biyun kake bayarwa. Amma ina so in ji daga bakinki: akwai wani ne?"

Mama ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Gwaggo ta yi dariyar yaƙe ta ce, "Haba Malama, wannan ai ko ƙofar gida ba ta sani ba."

Ni kuwa lissafi nake a raina. In na ce babu, za a ci gaba da maganar aure, wayar kuma sai yadda Mama ta ga dama. In na ce akwai, dole a fito da wayar a matsayin shaida. Ban da haka, gaskiya kwanakin nan da na yi ban ji muryar ba sun taɓa ni, har na rame a ido. Sai na ji bakina ya ce:

"Akwai."

Baba ya sauke jaridarsa.

"Ɗan wane ne?" in ji Malama.

"Ban sani ba."

"Sunansa?"

"Ban sani ba. Muryarsa kawai na sani." Da na ga na riga na jiƙe, sai na ƙarasa wankan. "Shi kaɗai ne ya taɓa yi mini magana ban ji ni daƙiƙiya ce ba. Ina son mai muryar nan, kuma ba na jin zan iya son wani kamar shi. Ku yi haƙuri."

Gwaggo ta saki salati mai tsawo. Mama ta rufe fuska da gyale. Na saci kallon Mai Lif, ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa, sai na ji wani iri, don bai cancanci haka a gaban mutane ba.

Malama ko gezau. "A kawo shi mu ji."

"Malama, ai ba sai..."

"Maman Auta, a kawo wayar. Wanda ya kayar da ɗana ina so in ji da me ya fi shi."

Mama ta tashi jiki a sanyaye, muka ji ƙarar durowa. Da wayar ta dawo hannuna sai da na ji kamar in rungume ta. Na kunna darasin da na tsaya, na ajiye a tsakiyar tebur kusa da biskit.

Muryar ta cika falo. "Yau za mu duba nauyin da igiya take ɗauka. Ku ɗauka ga lif, da mutum shida a ciki..."

Gwaggo ta karkata kai. "Kai, amma fa muryar da daɗi," ta faɗa ba ta sani ba. Mama ta harare ta.

"Kada ku ji tsoro. Ina tare da ku. Mu koma baya a hankali."

Na lura Malama ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta matso bakin kujera tana kallon rubutun da ke fita a allon. Daidai nan mai tarin nan na bayan fage ya yi nasa, ehem-ehem, da kauri kamar daga cikin rijiya. Sai kuma na ji wani ehem-ehem ɗin, ƙarami, daga lungun falonmu.

Na juya. Mai Lif ne. Kafaɗunsa suna rawa, ya toshe baki da hannu, hawaye na zubo masa. Na ɗauka kuka yake, har tausayi ya kama ni. Ashe dariya ce.

"Don Allah," ya ce da ƙyar, "a ba ni wayar."

Ya karɓa, ya taɓa wani ɗan wuri a kusurwar allo da ban taɓa kula da shi ba. "Wanda ya saka miki wannan ya rage gudun zuwa rabi. Kuma tsohuwar manhaja ce, in ta rage gudu sai ta ja muryar ƙasa, kamar kaset ɗin da batir ya yi wa sanyi. Ga yadda aka ɗauke shi."

Ya mayar da wayar kan tebur.

"Kada-ku-ji-tsoro-ina-tare-da-ku-mu-koma-baya-a-hankali!"

Siririya. Mai gudu. Keken ɗinki.

Jama'a, na dubi wayar, na dubi Malama Rula. Na sake duban wayar. Dogona mai gemu da farar riga ya narke a gabana, ya bar ni da 'yar tsohuwa mai jaka a hammata, wadda na gama shelanta wa duniya cewa ba zan iya son kowa kamar ta ba. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Gwaggo ce ta fara. Ta faɗo daga kujera, kallabi ya yi gefe. "Surukar! Surukar take so! Wayyo cikina!" Baba ya ɗaga jarida ya rufe fuska, amma jaridar rawa take.

Malama ta buga tafin hannunta a tebur sau ɗaya. Ko ba rula, kowa ya shiga taitayinsa.

Ta juyo gare ni. Da ta yi magana, gudun ya ragu kaɗan.

"Da na yi ritaya zaman gida ya ishe ni, wannan yaron ya ce in riƙa yi yana ɗauka. A ɗakinsa muke yi, shi ke riƙe na'urar, shi ke ɓata mini aiki da tari. Na ɗauka ba mai kallo. Duk shekarun da na yi ina koyarwa, yara ɓuya suke in sun hango ni. Ba wanda ya taɓa cewa yana sona." Ta gyara tabarau. "Ashe gudu ne ya yi mini yawa."

Ba wanda ya yi dariya a nan.

"Me ya kai ki darasina?"

Ba sauran abin ɓoyewa. Na ce na sake rajistar jarrabawa, ina so in shiga makarantar injiniya. Na faɗa ina kallon ƙasa, ina jiran Gwaggo ta kira sunan nan.

Malama ta zaro biro daga jaka, ta jawo jaridar Baba daga hannunsa ba ko neman izini, ta zana akwati da igiya a gefen shafi. Ta zubo tambaya kamar ruwan sama a kan kwano. Ban kama ko kalma ɗaya ba.

"Malama," na ce a hankali, "don Allah ki rage gudu."

Mai Lif ya sake shaƙewa a lungu. Ita kuwa sai da gefen bakinta ya motsa. Ta ja numfashi, ta maimaita, kalma bayan kalma. Na karɓi biron. Na rubuta nauyi, na rubuta abin da ke ja sama da abin da ke ja ƙasa, na yi kuskure a layi na uku, na gani da kaina, na koma baya a hankali. Na miƙa mata.

Ta duba. Ta ja dogon layi a ƙarƙashin amsar, ta juya jaridar ta tura wa Baba.

"Daidai ne. Wa ya ce yarinyar nan ba ta da kai?"

Duk muka kalli Gwaggo. Ta shiga gyaran kallabi.

Baba ya daɗe yana kallon gefen jaridar nan. Sannan ya ninke ta da kyau, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ce, "Auta, me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Kukan da na saba kai wa banɗaki ne ya zo mini a tsakiyar falo, kuma wannan karon daɗi ne ya kawo shi.

Malama ta miƙe ta saɓa jaka. "Maman Auta, a bar mata wayarta. Daga jibi ta riƙa zuwa gidana da safe, akwai darussan da ba mu ɗauka ba. Maganar aure kuma a ajiye sai ta gama jarrabawa, bayan nan tsakaninta da shi ne, ba ruwana." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka ji kunya. Uwarka ta ƙwace maka budurwa."

Mama ta raka su har ƙofa tana ta ba da haƙuri, ba ta san ma na mene ne ba.

Da yamma ina ɗaki, na cire gyalen mai soka, na buɗe darasi. Na gwada shi a gudunsa na gaskiya, na kasa, na mayar da shi rabi. Dogona ya dawo, amma yanzu ina jinsa ina ganin tabarau a kan hanci. Ina cikin wannan jimamin sai saƙo ya shigo. Mai Lif ne. Saƙon murya, karo na farko tun da muka san juna, da rubutu a ƙasansa:

"Ki gwada wannan a rabin gudu. Ko a dace."

Na ce a raina, ji mutum. Na yi tsaki. Na ajiye wayar. Na ɗauka. Na tura saƙon cikin tsohuwar manhajar nan, na danna.

Ehem-ehem. Sannan wata murya mai kauri, mai sanyi, wadda ba ta gaggawa, ta ce:

"Kin... ci... abinci?"

'Yan uwa, ban ba shi amsa ba. Wallahi har yanzu da nake rubuta muku ban ba shi ba. Sake saurara kawai na yi, don in tabbatar da ingancin manhajar. Ban san lokacin da na tashi na je gaban madubi ba, sai dai na ji labule ya ɗaga a bayana.

Mama ce. Ta shaƙi iska sau ɗaya, ta dubi kwalbar da ke hannuna.

"Wannan kuma wane darasi ne?"